Daga York zuwa Yelwa: Tarihin Dokar da Ta Haramta Korewa Biyu a Turanci

A shekarar 1795 abubuwa biyu suka fito daga Birtaniya waɗanda a ƙarshe dukansu suka iso ƙasar Yawuri, ko da yake ba a zamani ɗaya ba. Na farko wani matashin likita ne ɗan Sikotilan mai suna Mungo Park, wanda ya sauka a gaɓar Gambiya yana neman sanin inda kogin Kwara ya dosa. Na biyu wani ɗan littafin nahawun Turanci ne da aka buga a birnin York, wanda wani lauya haifaffen Amurka, Lindley Murray, ya rubuta domin wata makarantar 'yan mata ta garin.

Park ne ya riga isowa. A tafiyarsa ta biyu, a farkon 1806, jirginsa ya tsaya a ƙasar Yawuri, inda tafintansa Amadi Fatuma ya yi sallama da shi domin nan yarjejeniyarsu ta ƙare. Bisa labarin da Amadi ya bayar daga baya, Park ya ba wani basarake kyauta ya kai wa sarki, basaraken ya tambaya ko Baturen zai sake dawowa, aka ce masa ba zai dawo ba. Jin haka, in ji Amadi, sai basaraken ya riƙe kayan, sarki ya ɗauka an raina shi, aka tura mayaƙa suka tare jirgin a duwatsun Busa, inda Park ya halaka a ruwa. Akwai ruwayoyin da suka saɓa wa wannan, kuma mutanen yankin ba su taɓa karɓar laifin baki ɗaya ba. Duk da haka abin lura ne a ce ɗaya daga cikin jimlolin farko da tarihi ya adana tsakanin mai jin Turanci da mutumin Yawuri jimla ce korarriya, wadda ta bi ta bakin tafinta. A daminar 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo Yawuri neman takardun Park, suka yi makonni, suka tafi ba su samu ba.

Littafin Murray kuwa ya fi ƙarni guda a hanya. Da dokokinsa suka iso, sun zo ne a cikin wasu littattafan da suka gaje shi, a hannun malaman makarantar boko. Ɗaya daga cikin dokokin ita ce wadda duk wanda ya zauna jarrabawar Turanci a Yelwa ko Wara ko Shanga ya haddace: kada a haɗa korewa biyu a jimla ɗaya, domin ɗaya tana kashe ɗaya, jimlar ta koma tabbatarwa. Wanda ya rubuta *I didn't buy nothing*, in ji malam, ya ce ya sayi wani abu ke nan. Ana karantar da ita kamar lissafi, kamar gaskiyar da ba ta da ranar haihuwa. Alhali tana da ranar haihuwa, tana da iyaye, kuma Turanci ya yi ɗaruruwan shekaru yana tafiya lafiya ba tare da ita ba.

Lokacin da Turanci yake da “ba … ba”

A Turancin dauri, na shekara dubu da suka wuce, kalmar korewa ita ce *ne*, kuma gaban aikatau take zama, kamar *ba* ta farko a Hausa. Kalma ce ƙarama, marar ƙarfi a furuci, saboda haka masu magana suka riƙa tokare ta da wata kalmar a bayan aikatau, wato *nawiht*, wadda ma'anarta ita ce “ba wani abu”. Da tafiya ta yi tafiya kalmar ta sassaƙe ta zama *not*. Aka daɗe ana korewa da kalmomi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, aikatau a tsakiya, daidai yadda Bahaushe yake cewa “bai zo ba”. Daga baya *ne* ɗin farkon ta faɗi, *not* ta rage ita kaɗai. Masanin harshe ɗan ƙasar Denmak, Otto Jespersen, shi ya bayyana wannan zagaye a wani nazari da ya fitar a 1917, ya nuna cewa Faransanci ma kan wannan hanya yake: a rubuce *ne … pas*, a bakin mutanen titi *pas* kawai.

A wancan zamani yawan korewa ƙarfafawa ce. Geoffrey Chaucer, babban mawaƙin Ingila wanda ya rasu a 1400, da ya zo yabon wani barde da cewa bai taɓa faɗa wa kowa baƙar magana ba, kalmomin korewa huɗu ya jera a jimla ɗaya, kuma babu mai karatun zamaninsa da ya zauna yana lissafin ko huɗun sun cinye juna. Shakespeare, bayan shekara 200, yana sa korewa biyu ko uku a bakin manyan mutanen wasanninsa. Har yau haka Sifaniyanci da Italiyanci da Rashanci suke yi a daidaitaccen rubutunsu, Afirkans na Afirka ta Kudu kuma yana rufe jimla da *nie* ta biyu.

To me ya faru a Ingila? Amsar da aka saba bayarwa ita ce wani limamin coci ne ya ƙirƙiro dokar. Amsar ta yi gajarta. Terttu Nevalainen ta Jami'ar Helsinki da abokan aikinta sun bi dubban wasiƙun da Turawan Ingila suka rubuta wa junansu daga ƙarni na 15 zuwa na 17, suka tarar cewa tun a ƙarni na 16 korewa mai ninki ta fara ja da baya a rubutu. Waɗanda suka fara barin ta maza ne masu aikin alƙalami, irin su lauyoyi da ma'aikatan hukuma, musamman masu neman hawa sama daga matsayin da aka haife su a ciki. A maimakon *nothing* da *nobody* bayan *not*, sai suka koma ga *anything* da *anybody*. Wato kafin wani ya rubuta doka, al'adar ta riga ta zama alamar da ake gane ɗan ofis da ita. Manomi da ɗan dako suka ci gaba da maganarsu ta gado, kuma jikokinsu suna yi har gobe a Landan da Glasgo.

Masu nahawu sun zo ne daga baya suka sa wa al'adar rawani. James Greenwood ya ambaci cewa korewa biyu tabbatarwa ce a littafinsa na 1711. Wanda sunansa ya fi manne wa dokar shi ne Robert Lowth, masanin Ibrananci, tsohon farfesan waƙa a Oxford, wanda ya zama Bishop na Landan a 1777. Ya fitar da gajeren nahawunsa a 1762, ya ce ɗansa ƙarami ya rubuta wa. Ingrid Tieken-Boon van Ostade, wadda ta yi littafi guda a kansa a 2011, ta nuna cewa dokar korewa ba ta ma cikin bugun farko, a bugu na biyu na 1763 aka ƙara ta. Waɗannan malamai da Latin aka yaye su, a Latin kuwa lissafin yana aiki: *nemo* “ba kowa”, *non nemo* “wani”. Da suka ga manyan mutane sun riga sun bar wata al'ada, kuma Latin ya ba su hujja, sai suka ɗaura hujjar a kan al'adar. Murray ya kwashi dokar daga Lowth kusan yadda take, littafinsa kuma ya zama na makarantu a Ingila da Amurka, ana ta sake buga shi shekara da shekaru.

Akwai wani wuri guda da tsintsiyar ba ta kai ba. Harafin *n* da ke farkon *never* da *none* da *neither* da *nor*, duk ɓurɓushin tsohuwar *ne* ne. Saboda haka wanda ya rubuta *neither the fish nor the rice* ya jera korewa biyu a jimla ɗaya, ba su kashe juna ba, kuma babu malamin da zai ja masa jan biro. Hasali ma in ya yi ƙoƙarin bin lissafi ya rubuta *neither … or*, nan ne za a ci shi tara. Littafin da ya hana korewa biyu a wannan shafi, shi ya wajabta ta a shafi na gaba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ana maganar abin da aka saba ne, ba abin da hankali ya tilasta ba.

Hanyar da ta biyo

Turanci bai shigo Yawuri da gaggawa ba. Kafin ƙarshen ƙarni na 19, a zamanin Sarki Abdullahi Abarshi wanda ya zaunar da sarauta a Yelwa, sojojin Turawa sun kafa sansani a garin, daga 1900 kuma ƙasar ta shiga ƙarƙashin mulkin Lugga. Amma mulkin mallaka a Arewa da Hausa aka tafiyar da shi. Jami'an Turawa su ake tilasta wa cin jarrabawar Hausa, makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara, makarantun elementare na En'e ma haka. Yaron Yawuri da zai ji Turanci sosai sai ya wuce zuwa Midil ta Sakkwato, tun da an mai da masarautar ƙarƙashin Lardin Sakkwato kafin 1930, in ya yi fice kuma ya wuce Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, inda aka ɗauki furuci da nahawun Turanci da matuƙar muhimmanci. A tsawon mulkin Sarki Abdullahi, daga 1923 zuwa 1955, waɗanda suka bi wannan hanya daga Yawuri 'yan ƙalilan ne, kuma su suka zama malamai da akawuna da ma'aikatan En'e.

Wannan ya sa Turancin da ya iso na littafi ne tsantsa. A Legas, inda aka buɗe makarantar sakandaren mishan tun 1859, yaro yana jin Turanci iri-iri a tashar jiragen ruwa da kasuwa. A Yelwa kuwa daga allo yake fara ganinsa. Littattafan da suka yi tashe a makarantun Nijeriya jikokin Murray ne: nahawun J. C. Nesfield da aka tsara domin makarantun Indiya, da *First Aid in English* na Angus Maciver, da *Brighter Grammar*, da ɗan littafin nan na kurakuran Turanci da T. J. Fitikides ya fitar a 1936 domin ɗalibansa na tsibirin Kubrus. Ko wannan jeri kaɗai abin dubawa ne. An tattara kurakuran yaran Indiya da na masu jin Girkanci da na Sikotilan, aka kawo wa yaron da yake tunani da Hausa ko Kambarci, aka ce ga cututtukanka ga maganinsu.

Da aka kafa hukumar jarrabawa ta WAEC a 1952, daga baya kuma kiredit a Turanci ya zama sharaɗin shiga jami'a, dokar ta tashi daga ado ta zama ƙofa. Yawuri ta fitar da waɗanda suka wuce ta da kyau. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, da Turanci ya rubuta littafinsa na 1978 kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma, kuma da shi da Sarkin Yawuri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi duk sun shugabanci jami'ar Sakkwato. Amma ƙofa ba a auna ta da waɗanda suka wuce kawai. Kowace shekara akwai masu ƙwazo a lissafi da kimiyya da suke komawa gida saboda darasi ɗaya, kuma a tambayoyin canki-canka na wannan darasin, tagwayen mahaɗai da korewa ba sa rasa kujera.

Laifin da aka ɗora wa Hausa

Wani bayani da ake yawan ji a ɗakin malamai shi ne: Bahaushe yana ninka korewa a Turanci ne saboda harshensa yana da *ba* biyu. Bayanin yana da daɗin ji, sai dai bai tsaya da ƙafarsa ba. *Ba … ba* korewa ɗaya ce mai ƙafa biyu, kamar yadda masu nazarin nahawun Hausa irin su M. K. M. Galadanci da Paul Newman da Philip Jaggar suka bayyana ta, kuma ba ko'ina take zuwa da ƙafa biyun ba: “ba ya zuwa”, “babu ruwa”, “kada ka tafi”, duk da ƙafa ɗaya suke tsaye. Babu ɗalibin da yake fassara “bai zo ba” da *not* biyu.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kalmomin “kowa” da “komai” da “ko'ina”. Ba kalmomin korewa ba ne. “Kowa ya zo” tabbatarwa ce, “komai ya yi daidai” haka nan. In Bahaushe ya ce “ban ga kowa ba”, ya kore aikatau sau ɗaya, ya bar “kowa” a sake, wato daidai ginin *I did not see anybody*, irin wanda lauyoyin Landan suka zaɓa a ƙarni na 16. A wannan gaɓa Hausa tana sahu ɗaya da Bishop Lowth, tana gaba da Chaucer. Yaron da ya rubuta *I didn't see nobody* bai ɗauko shi daga gida ba. Ko dai an koya masa a aji cewa “ba kowa” shi ne *nobody* sai ya ɗauka “kowa” ce take ɗauke da korewar, ko kuma, wanda ya fi yawa a yau, ya ji shi a waƙoƙi da finafinan Amurka da ke cikin wayarsa, inda tsohuwar al'adar Ingila take nan da ranta.

Korewar da take kashe korewa kuwa, Hausa ta san ta tun kafin Murray ya ɗauki alƙalami. “Ba wanda bai zo ba” na nufin kowa ya zo. “Ba a rasa ba” amsar mai abu ce da ba ya son ya yi fariya. “Ban ƙi ba” yarda ce mai jan ƙafa, kuma duk wanda ya taɓa neman aure ko ciniki a kasuwar kifi ta Yelwa ya san tazarar da ke tsakaninta da “na yarda”. Almajirin da ya yi nisa a nahawun Larabci ma ya san ƙa'idar malamai cewa kore korewa tabbatarwa ne. Turanci yana da irin wannan a *not uncommon* da *not impossible*, salon da George Orwell ya yi wa ba'a a 1946 saboda yadda 'yan siyasa da ma'aikata suke fakewa a bayansa. Da malami zai fara daga “ba wanda bai zo ba”, da ɗalibi ya gane dokar a zama ɗaya, domin abin da ya riga ya sani ne aka sa wa baƙin kaya.

Inda Hausa take sa hannu da gaske shi ne wajen tagwayen mahaɗai, kuma a nan littattafan da aka shigo da su ba su da abin faɗi, domin marubutansu ba su san Hausa ba. Tagwayen Hausa masu kama ɗaya ne: “da Audu da Bala”, “ko yau ko gobe”, “ba kifi ba nama”. Kalmar da ta buɗe ita take rufewa. Tagwayen Turanci kuwa ba sa kama da juna: *both* da *and*, *either* da *or*, *neither* da *nor*, *no sooner* da *than*, *hardly* da *when*. Kunnen da ya saba jin amsa-amo dole ya haddace kowane ɗan tagwaye da abokinsa, kuma a nan ake samun musaya, a aurar da *no sooner* ga *when*, ko a raka *both* da *as well as*. Sai kuma sharaɗin cewa abin da ya biyo bayan na farko ya zama jinsi ɗaya da abin da ya biyo bayan na biyu, suna da suna, aikatau da aikatau. Sai na uku, wanda masu shirya jarrabawa suke ƙauna: aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi, shi ya sa ake cewa *neither the fishermen nor the driver was there*, a juya su kuma a ce *were*.

Mafi shaharar kuskuren shi ne *although … but*. Wannan kam ɗan gida ne, fassarar “ko da yake … amma” ce kai tsaye, kuma ana ganinsa a takardun ofis da jawaban manya, ba a littafin 'yan sakandare kawai ba. A Hausa jimlar ba ta cika daɗi sai “amma” ta zo ta karɓi “ko da yake”. Turancin makaranta ya ce a zaɓi ɗaya. Abin dariyar shi ne Murray da kansa ya jera *though … yet* cikin tagwayen da ya amince da su, kuma har yau ba kuskure ba ne. Tsakanin *yet* da *but* a wannan wuri babu wani bambancin hankali da za a iya nuna wa yaro. Ɗaya ta samu shiga littafi, ɗaya ba ta samu ba.

Akwai kuma wanda ya fi duk waɗannan haɗari, ga shi ba a cika ba shi lokaci a aji ba, wato amsa tambaya korarriya. In aka ce wa Bahaushe “ba ka sha maganin ba?” ya ce “e”, yana nufin bai sha ba: ya gaskata maganar mai tambaya. Bature in ya ce *yes* a nan, yana nufin ya sha. Korewa biyu a rubutun jarrabawa maki take ci, amma ba ta taɓa ɓatar da mai sauraro ba, domin ko alƙalin Ingila ya ji *I didn't take nothing* ya san musu ake yi. Wannan *yes* ɗin kuwa tana iya juya magana a gaban likita ko a akwatin shaida.

Harshe na uku

Duk wannan lissafi an yi shi ne kamar kowane yaro a masarautar da Hausa ya tashi, alhali ba haka ba ne. Yawuri ƙasar Gungawa ce da Kambari da Shangawa da Dukawa da Lopawa. Harshen Shanga ma daga dangin Mande yake, nesa da Hausa ƙwarai. P. G. Harris, jami'in mulkin mallaka da ya yi rubutu kan Yawuri a 1930, ya kuma yi rubutu kan harshen Gungawa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwan gaɓa, har da tsohuwar Busa inda Park ya halaka, aka tayar da mutum fiye da 40,000. Gungawan da aka fitar daga tsibiransu zuwa sababbin matsugunai sun ƙara cuɗanya da Hausawa, kuma Frank Salamone ya yi nazarin yadda da yawansu suka riƙa komawa Hausawa a harshe da al'ada. Ga yaro a ƙauyukan Ngaski ko Shanga, sau da yawa Turanci harshe na uku ne, ana bayyana masa shi da harshe na biyu, daga littafin da aka tsara domin wani yaro a wata nahiya. In irin wannan yaro ya kasa aurar da *neither* da *nor*, kalmar da ta fi saurin fitowa daga bakin manya ita ce daƙiƙi.

An taɓa kai irin wannan magana kotu a Amurka. Baƙaƙen fatar ƙasar suna ninka korewa a maganarsu ta gida, malamai kuma suka daɗe suna ɗaukar haka alamar raunin tunani. William Labov ya nuna tun ƙarshen shekarun 1960 cewa wannan karin harshe yana da ƙa'idojinsa tsayayyu, mai magana da shi bai taɓa rikita “akwai” da “babu” ba. A garin Ann Arbor na jihar Mishigan, iyayen wasu yara suka yi ƙarar hukumar makarantu, a 1979 Alƙali Charles Joiner ya yanke cewa wajibi ne a horar da malamai su san harshen gidan yaran, su yi la'akari da shi wajen koya musu karatu da daidaitaccen Turanci. Bai ce a daina koyar da daidaitaccen ba, kuma da ya faɗi haka da ya cuci yaran. Dokar Murray, ko da al'ada ce aka yi wa rawani, ita ce al'adar takardar neman aiki da rahoton ofis da hukuncin kotu. Mai son ɗansa ya shiga waɗannan wurare dole ya so ya iya ta. Bambancin yana wajen yadda ake gabatar da ita: malamin da ya ce “haka masu wannan rubutu suka saba, ga inda ya yi daidai da Hausa, ga inda ya saɓa” ya faɗi gaskiya, wanda ya ce “hankali ne” kuwa ya gaya wa yaro a fakaice cewa kuskurensa rashin hankali ne.

Kada kuma a ɗauka ƙananan kalmomin nan wasan 'yan makaranta ne kawai. Sashe na 134 na Tsarin Mulkin 1999 ya shardanta wa mai neman shugabancin ƙasa ya samu aƙalla rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, sannan ya ambaci Babban Birnin Tarayya, ya haɗa su da kalmar *and*. A zaɓen 2023 Bola Tinubu bai kai kashi 25 cikin 100 a Abuja ba. Lauyoyin Atiku Abubakar da na Peter Obi suka karanta kalmar kamar tana da ɗan tagwayenta a ɓoye, wato da jihohin da Abuja, kowanne da nasa sharaɗin. Ɗaya ɓangaren suka ce jeri ne kawai, Abuja tana cikin lissafi kamar jiha ta 37, suka kafa hujja da sashe na 299. Da waɗanda suka tsara sashen sun sa *both* a gaba, ko sun raba jimlar biyu, da gardamar ba ta samu wurin zama ba. Manyan lauyoyin ƙasar, waɗanda kowannensu ya ci kiredit ɗinsa na Turanci tun da daɗewa, suka yi watanni a kan harufa uku. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yanke a ranar 6 ga Satumba cewa Abuja ba ta da wani matsayi na daban, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da haka a ranar 26 ga Oktoba, 2023.